Sabon zuwa Melbon, ka san ƙwallon garin kafin ka sa baki

Ɗan'uwa, in Allah ya sauke ka a Melbon ta ƙasar Ostareliya, da wuya ka yi mako guda a wurin aiki ba a tambaye ka ƙungiyar da kake goya wa baya ba. Ba Arsenal ko Barcelona ake nufi ba. Tasu ta AFL ce, gasar ƙwallon Ostareliya, ƙwallo mai siffar ƙwai, 'yan wasa 18 kowane ɓangare, ana bugu da ƙafa da hannu. In aka buga ta da ƙafa ta ratsa tsakanin dogayen sanduna biyu na tsakiya maki 6 ne, ta gefe maki 1. Zaɓi ƙungiya ɗaya, ko ta unguwarku ce, ka riƙe ta. Da ita ake buɗe hira da maƙwabci. Ana wasa daga Maris zuwa Satumba, ka tafi fili da rigar sanyi mai kauri.

Sai dai akwai maganar da nake so ka bi a hankali, wato asalin wasan. A 1859 aka rubuta dokokinsa na farko a Melbon, kuma Tom Wills na cikin waɗanda suka zauna. Wills ya tashi a yammacin jihar Biktoriya, kusa da Moyston, cikin mutanen Djab Wurrung, har yana jin harshensu. Su kuwa 'yan asalin ƙasar, Aborijin, da ma suna da wasansu, Marngrook: a ɗinka ƙwallo da fatar wata dabba, fosam, a buga ta can sama, samari su daka tsalle su cafe ta a iska. Ka je fili ka ga ɗan wasa ya ɗare kafaɗar abokin karawarsa ya cafko ƙwallo, za ka gane abin da ya sa ake haɗa su.

Masana tarihi sun rabu kan ko Marngrook ya yi tasiri a dokokin wasan. Wasu na cewa daga makarantar Rugby ta Ingila, inda ya yi karatu, Wills ya kwaso tunaninsa, kuma babu takardar da ta nuna Marngrook ya shiga dokokin. Ni dai a ganina rashin takarda bai isa ya kore maganar mutanen da tarihinsu a baki yake ba.

Ko ma wane ɓangare ka karkata, kada ka mai da ita musun teburin mai shayi. Aborijin mutane ne da aka ƙwace wa ƙasa, aka raba wasunsu da 'ya'yansu. Adam Goodes, Ba'aborijine ɗan wasan Sydney Swans, wanda ya ci lambar Brownlow ta gwarzon ɗan wasan shekara a 2003 da 2006, ihun 'yan kallo ya bi shi har ya bar wasa a 2015, sai a 2019 hukumar AFL ta ba shi haƙuri. In abokin aikinka Ba'aborijine ya tabo zancen, saurara masa tukuna.

Wajen watan Mayu Richmond da Essendon kan kara a MCG, babban filin wasa na Melbon, a wasan da ake kira Dreamtime at the 'G, don girmama 'yan asalin ƙasar. Sayi tikiti da wuri, ka kai yara. Akwai ɗakin salla a filin. Bachar Houli, Musulmin da ya buga wa Richmond, shi ya nemi a tanadi irinsa a dukkan filayen AFL.