Darasi na 9: Yadda Ake Gyara Rafin Unguwa da Ruwa Ya Zaizaye

A garuruwanmu da yawa akwai rafin da ya ratsa tsakiyar unguwa. Da rani ba ka ganin komai a cikinsa sai yashi da leda da ruwan kwata. Da damina kuwa, musamman a watan Agusta, sai ya cika ya batse, yana cin gaɓarsa, yana matsowa kusa da katangun mutane. Mazauna Bulbula da Gayawa a Kano sun san wannan, domin kwazazzabon da ke wurin ya ci gidaje. Mutanen Gombe ma sun daɗe suna fama da irinsa.

Me ya sa rafin da kakanninmu suka zauna lafiya da shi ya koma haka?

A da, gefen rafi gonaki ne da lambuna da ciyawa. In an yi ruwa, ƙasa ta sha rabonta, sauran ya gangara a hankali. Yanzu ko'ina kwano ne da siminti da kwalta, kuma babu wanda ke shan ruwa a cikinsu. Mu yi lissafi tare. Rufin kwano mai tsawon mita 10 da faɗin mita 10, in aka yi ruwan sama na milimita 10 kacal, zai zubo da lita 1,000. Wato duro 5 ke nan na lita 200. Wannan gida ɗaya ne, a ruwa ɗaya mara yawa. To, ku ƙirga gidajen layinku. Duk ruwan nan rafi yake nufa, a lokaci guda, a guje. In gudun ruwa ya ninka sau biyu, ƙarfin bugunsa sau huɗu yake ninkawa. Saboda haka duk aikin da za mu koya a nan manufarsa ɗaya ce: a rage wa ruwa gudu.

Abin da aka fi yi a unguwanni shi ne a mai da kwarin bola, wai ana cike shi. Wannan ɓata lokaci ne. Shara ba ta kama ƙasa. Ruwan farko zai kwashe ta ya kai ta bakin kwalbati ya toshe, sannan ya nemi sabuwar hanya ta cikin gidajen mutane. Masu ɗibar yashi a cikin rafi su ma suna ƙara masa zurfi, gaɓar ta rasa abin da zai tokare ta, ta rufta. Sai an hana waɗannan biyun kafin a ɗauki shebur, kuma wannan magana ce ta mai unguwa da limami da shugabannin matasa, ba ta mutum ɗaya ba.

Daga ina ake farawa? Kowa zai so a fara daga bayan gidansa. Amma kwari ta kansa yake girma. Ku bi shi sama har inda ruwa ke faɗowa daga tudu zuwa rami. Nan ne yake cin ƙasa yana ja da baya kowace shekara. A sare bakin ya kwanta, a shimfiɗa ƙananan duwatsu a ƙasa, a ɗora manya a kansu, yadda ruwa zai sauko a kan dutse.

Bayan nan sai shingayen cikin rafi. Ana yin su da rani, da duwatsu. In akwai hali, a zuba duwatsun cikin ragar waya mai ƙarfi a ɗaure. Buhunan yashi ma suna yi, sai dai rana na cinye buhu, ba ya daɗewa. Ga inda mutane suka fi yin kuskure, don haka a kula sosai. Shinge ba madatsar ruwa ba ne. Ana so ruwa ya tsaya kaɗan, ya ajiye yashin da ya ɗauko, ya tsallake. Kada tsayinsa ya kai mita ɗaya. Iya gwiwa ya wadatar a ƙaramin rafi. Tsakiyarsa ta fi gefunansa gajarta, don ruwa ya bi ta tsakiya. In aka yi shi daidai wa daida, ruwa zai zagaya ta gefe ya ci gaɓa, a wayi gari shinge na tsaye shi kaɗai, rafi ya ƙara faɗi. A haƙa masa gindi, a cusa gefunansa cikin gaɓa dama da hagu. A ƙasan shingen, inda ruwa zai faɗo, a shimfiɗa duwatsu, in ba haka ba zai haƙa rami ya kayar da aikin. Ƙananan shingaye da yawa sun fi babba guda ɗaya. Ƙa'idar tazara ita ce, kan shingen ƙasa ya zo daidai da gindin na sama da shi.

Gaɓar da ta miƙe tsaye kamar bango ba ta riƙe shuka. A kwantar da ita: kowane taku ɗaya na tsayi, a ba shi taku biyu na kwanciya. Da ruwa ya sauka, a dasa jema a jere, layin ya gitta gangaren, tazarar tafin hannu tsakanin tushe da tushe. Saiwar jema tana nutsawa can ƙasa ta ɗaure ta, in ta haɗe kuma tana tace yashi. Gamba ma tana taimakawa. Bishiyoyi irin su bagaruwa da darbejiya a ja da su baya kaɗan daga bakin gaɓa. A kewaye dashen da ƙaya, domin awakin unguwa ba su san an yi taro ba.

Wani zai ce, me ya hana a zuba kankare a huta? Kankare na da wurinsa, kamar Jakara da ta ratsa cunkoson birnin Kano. Amma yana da tsada, kuma ruwa ya fi gudu a kansa. In bai kai ƙarshe ba, unguwar da ke ƙasa da ku ce za ta karɓi bugun.

Aikin gayya yana da iyaka. Kwarin da ya fi tsayin mutum zurfi, ko ya iso gindin gini, kada kowa ya shiga haƙa a ƙarƙashin gaɓarsa, tana iya ruftowa. Wannan aikin injiniyoyi ne. A rubuta takarda zuwa ƙaramar hukuma da ma'aikatar muhalli ta jiha, da sa hannun mai unguwa da hotunan wurin. Akwai kuma shirin ACReSAL da Bankin Duniya ya amince da shi a 2021, wanda ke aikin gyaran ƙasa a jihohin Arewa 19 da Abuja.

Aikin gida: ku kafa turke taku 5 daga kan kwarin unguwarku. Ku rubuta kwanan wata a littafinku. Bayan kowane babban ruwa, in ya janye, ku sake aunawa ku rubuta taku nawa ya rage. Ku zo da littafin aji, da shi za mu koyi rubuta takardar koke.