Yadda zaka juya fayil ɗin vekta ta intanet ba tare da dizain ɗinka ya lalace ba

Duk wanda yake harkar dizain a arewa yasan wannan matsalar, kwastoma ya turo maka logo ɗinsa a AI (wato fayil ɗin manhajar Illustrator) ko SVG, kai kuma mai firintin ɗinka CorelDRAW kaɗai ya sani, wani ma har yau tsohuwar CorelDRAW X3 ko X7 ce a kwamfutarsa, in ka kai masa wani abu daban sai yace maka "oga wannan baya buɗuwa". Ko kuma akasin haka, kai ke da CDR, wato fayil ɗin CorelDRAW, wanda zaka turawa kuma Illustrator gareshi. To akwai shafuka da suke juya fayil daga wani tsari zuwa wani kyauta, waɗanda aka fi sani sune CloudConvert da Convertio da Zamzar, kuma duk kusan hanya ɗaya suke bi, ko a waya zaka iya.

Juyin kansa ba wani aiki bane. Ka shiga shafin, ka danna inda ake zaɓo fayil, ka ɗauko naka, sai ka zaɓi abinda kake so ya koma, PDF ne ko SVG ko EPS ko DXF, ka danna Convert, ka jira ya loda ya gama sai ka sauke. Shikenan. Na kyautan suna da iyaka a girman fayil da yawan wanda zaka juya a rana, amma logo ai ba nauyi gareshi ba, da wuya ya ci maka data.

Inda ake samun matsala shine kafin lodawa da kuma bayan saukewa, kuma nan ne mutane basa tsayawa.

Na farko ka tabbatar abinda ke hannunka vekta ne da gaske. Vekta layuka ne da lissafi, shi yasa logo ɗaya zaka sa shi a katin biki kuma ka ja shi ya cika bana mai ƙafa 20 bai fashe ba. JPG da PNG kuwa ɗigo-ɗigo ne, duk abinda ka fitar daga manhajar dizain ta waya PixelLab ma haka yake. Da yawa suna ɗauka in suka loda JPG suka zaɓi SVG ya zama vekta kenan, alhali abu biyu ne ke faruwa, ko dai shafin ya cusa hoton nan yadda yake a cikin SVG, sunan ne kawai ya canza, ko kuma ya bi gefen hoton ya zana da kansa ya baka wani abu mai karkatattun baki, wani lokacin ma baƙi da fari kawai. Gwajin mai sauƙi ne, kayi zumin sosai, in bakin rubutu ya fara zama dishi-dishi to hoto ne. A CorelDRAW kuma ka shiga View ka zaɓi Wireframe, vekta na gaske zaka ga layukansa siri-siri, hoto kuwa sai dai kaga akwati mai toka-toka. In hoto ne kuma logo ɗin bashi da wuya, wallahi gara ka zauna ka sake zana shi, yafi maka sauri akan gyaran ɓarnar da na'ura tayi.

Sai maganar rubutu, wadda ita tafi cin mutane. Shafin da ka lodawa fayil bashi da font ɗin da kayi amfani dashi, don haka zai musanya da wanda ya samu, sai kaga rubutu ya faɗaɗa ya hau kan zane. Mu masu rubuta Hausa abin yafi shafarmu saboda ƙ da ɗ da ɓ, ba kowane font ke dasu ba, ni na taɓa tura aikin bana na wata walima, aka buga, duk inda ƙ take sai wani ɗan akwati ya fito a wurin, kuma daga aljihuna aka sake bugawa. Maganin shine ka maida rubutun ya zama zane kafin ka loda. A CorelDRAW ka zaɓi rubutun ka danna Ctrl+Q, a Illustrator Ctrl+Shift+O, a manhajar Inkscape kuma Object to Path a ƙarƙashin Path. Amma ka ajiye kwafin asali a gefe, domin da zarar ka maida shi zane bazaka iya gyara harafi ba, kuma kasan halin kwastoma, sai an gama komai zai tuna ba haka ake rubuta sunan amarya ba.

To wanne zaka zaɓa? A ganina in aikin na firintin ne PDF zaka nufa, CorelDRAW yana shigo dashi, Illustrator ma haka, kuma yana riƙe kalar CMYK da injin bugu ke aiki da ita. Ba sai ka wahalar da kanka neman shafin da zai fitar maka da CDR ba, tsarin kamfanin Corel ne na kansu, shafukan sunfi iya karanta shi akan rubuta shi, ka bashi PDF kawai yayi Import. SVG na intanet ne, kalarsa RGB ce, wato ta sikirin, shi yasa shuɗi mai haske da kake gani a waya yake fitowa a dushe a takarda. EPS tsohon yayi ne, har yanzu yana aiki amma baya jituwa da inuwa da kalar da ake ganin bayanta. DXF kuma na AutoCAD ne, shi masu injin yanka da laser ko CNC suke nema, layi kawai ya damu dashi, kar ka tsorata in kaga kala ta ɓace.

Bayan ka sauke kar ka tura kai tsaye, buɗe shi tukuna. Duba girman da milimita ko inci, saboda SVG na yawan canza girma tsakanin manhajoji, wata na lissafi da ɗigo 96 a inci wata da 72, ga mai yankan sitika ko akrilik wannan ba ƙaramar asara bace. Duba inda kala ke narkewa cikin wata, duba abinda ka sa a PowerClip (wato zanen da ka cusa cikin wata siffa a CorelDRAW) ko ya zubo waje. In kaga ya lalace gwada wani shafin, ba injin juyi ɗaya suke amfani dashi ba, wanda ya gagari wannan sai wancan yayi shi lafiya.

Abu ɗaya kuma, fayil ɗin da ka loda ya tafi kwamfutar wasu ne. Suna cewa suna gogewa bayan wani ɗan lokaci, amma in aikin na sirri ne, kamar satifiket ko katin shaidar ma'aikata, ni dai Inkscape nake sawa, kyauta ce kuma bata buƙatar intanet, tana buɗe SVG da PDF ta fitar da EPS ko DXF.

Wajen turawa a WhatsApp kuma ka tura shi a matsayin Document, kar kayi sikirinshot, sannan ka haɗa da ƙaramin PNG na yadda aikin ya kamata ya fito, don mai firintin ya kwatanta kafin ya saki inji.