Rimot da kwamfuta: kurakuran da na gaji da gani

Mutum zai haɗa kwamfutarsa da talabijin don kallon fim, ya gaji da tashi daga kujera duk lokacin da zai tsayar da bidiyo, sai ya sayo rimot. Kwana biyu sai ka ji kira: "Malam, jabu aka sayar mini." Sau da yawa rimot ɗin lafiyarsa ƙalau.

Wanda ya fi ƙona mini rai, don ya taɓa cin kuɗina, shi ne ramin USB mai launin shuɗi. Rimot masu arha irin su MX3 da G20S suna zuwa da 'yar ƙaramar risiba da ake sokawa a kwamfuta, kuma suna magana da ita a zangon rediyo na 2.4GHz. Shi kuwa ramin USB 3.0, wato shuɗin nan, yana fitar da hayaniyar lantarki a daidai wannan zango, musamman idan an soka ma'ajiyar fina-finai a gefensa. Kamfanin Intel da kansa ya yi bayanin wannan tun 2012. Sai ka danna sau uku kafin ya amsa sau ɗaya, kibiyar allo tana ta tsalle. Na ajiye rimot mai kyau na sayo sabo, shi ma ya ɗora daga inda wancan ya tsaya. Ashe risiba ce ke shan wahala a bayan kwamfuta. Yanzu ba na soka ta sai a baƙin rami na USB 2.0, in kuma babu, in sa gajeren kebul na ƙari in fito da ita fili ta fuskanci kujera. Kada wanda ya sake gaya mini rimot ya mutu bai gwada wannan ba.

Na biyu, mutane ba su gane cewa a wurin kwamfuta rimot kibod ne kawai. Duk tagar da ke gaba, ita ke karɓar abin da ka danna. Kana kallo a VLC, manhajar kunna bidiyo, ka leƙa WhatsApp ka bar shi a sama, sannan kana ta matsa maɓallin tsayawa kana zagin 'yan kasuwa. Haba! Ka dawo da VLC gaba, ka danna F ya cika allo. In kana son ya ji ka ko yana baya, shiga saitin maɓallansa ka cike layin Global, ka rufe shi ka sake buɗewa, don ba ya ɗauka sai an yi haka. Ni dai a falo Kodi, wata manhajar kallo, nake sa wa, domin tun asali don rimot aka gina shi, kibiyoyi huɗu da OK sun ishe ka.

Rimot ɗin talabijin ba zai juya kwamfuta ba don kawai ka haɗa su da kebul ɗin HDMI. Yawancin kwamfutoci ba su da CEC, wato tsarin da ke isar da umarnin rimot ta cikin kebul ɗin HDMI. Sai dai ka sami risiba irin FLIRC, wadda ke koyon kowane rimot mai infrared, wato mai aiki da hasken da ido ba ya gani, ta mayar da shi dannawar kibod. Shi infrared kuma dole ya ga risibarsa ido da ido, kada ka ɓoye ta bayan tukunyar fulawa. In kana shakkar ko yana aiki, nuna kansa ga kyamarar waya ta gaba ka danna, za ka ga ɗan haske yana ƙiftawa.

Tsohon rimot na Windows Media Center, manhajar kallo ta Microsoft, kuwa, manhajarsa ba ta cikin Windows 10, kada ka wahalar da kanka nemanta.

Maɓallin kunnawa da kashewa, jan nan na saman rimot, yakan sa kwamfuta barci, ko ya kashe ta ɗungurungum, gwargwadon saitinka. In akwai yara a gida, shiga saitin wuta na Windows ka ce kada ya yi komai.

Batir kuma a cire shi in za a yi tafiya, don idan ya yi ruwa yana cinye ƙarfen ciki.