Darasi na 9: Cinikin Murya a Gidan Rediyo

Duk mai sauraren rediyo ya san muryar nan da take shigowa tsakanin shiri da shiri, ta faɗi sunan tasha da zangon da ake kama ta, ko ta buɗe labaran duniya. Gajeriya ce, 'yan daƙiƙoƙi ne kawai. Ma'aikatan rediyo suna ce mata jingil ko taken tasha. Mutum ne ya shiga situdiyo aka naɗi muryarsa sau ɗaya, sannan ake ta maimaitawa.

A da gidajen rediyo na gwamnati ne kawai. A 1992 aka kafa hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin a Najeriya, aka ba 'yan kasuwa damar buɗe nasu. Freedom Radio ta fara aiki a Kano a 2003, wasu suka biyo baya. Yau ban da Rediyon Kano akwai Pyramid, Rahama, Dala, Arewa da Express. A Jigawa akwai Rediyon Jigawa da Horizon da Freedom a Dutse, ga Sawaba a Haɗeja. Kowace tasha tana neman muryar da za a gane ta da ita, kuma ba a birni kaɗai Allah ya ajiye muryoyi ba. Sanƙiran garinku, mai shelar dagaci, malamar Islamiyya mai jan baƙi da kyau, duk suna iya wannan aiki. Inda ake barin su a baya shi ne wajen ciniki.

Me kake sayarwa?

Mai sabon shiga yakan ce: "Ai minti goma kawai na yi a ciki, nawa zan ce?" Wannan lissafin ne yake jawo asara. Ba minti goman za a biya ba, amfanin da za a ci da muryar za a biya.

Ku ɗauki alƙalami. A ce tasha tana buɗe awa 18 a rana, kuma ana sa takenta sau 2 a kowace awa. Wato 18 x 2 = 36 a rana ɗaya. A wata mai kwana 30, 36 x 30 = 1,080. Kana gona kana shagonka, muryarka tana can tana yi wa wasu aiki fiye da sau dubu a wata.

Don haka ka ɗauki muryarka kamar gonarka. Hayar damina ɗaya kuɗinta daban, sayar da gonar ɗungurungum kuɗinsa daban, kuma ba wanda zai karɓi kuɗin haya ya miƙa takardar gona. Kafin ka faɗi farashi sai ka ji amsar tambayoyi uku: wata nawa za a yi ana sawa, a tasha nawa, kuma a rediyo kaɗai ko har a Facebook da WhatsApp da lasifikar mota ranar kasuwa?

Akwai tambaya ta huɗu, kuma a ganina ta fi sauran nauyi: bayan wannan aiki, za ka iya yi wa wata tasha? Taken tasha ba kamar tallar sabulu ba ne. Da zarar mutane sun saba jin muryarka tana faɗin sunan wata tasha, ka zama nasu, da wuya abokiyar gasarsu ta kira ka. Wasu ma za su gindaya maka sharaɗi cewa kada ka yi wa kowa aiki. Ba laifi ba ne su nemi haka, amma ƙofar abinci suke rufe maka, dole kuɗinta ya shiga lissafi, kuma a sa wa sharaɗin wa'adi.

Lissafin uwar kuɗi

Alƙaluman nan misali ne don koyon lissafi. Kowa ya sa na garinsu.

Kuɗin mota zuwa Dutse da dawowa: N3,000
Abinci: N1,500
Ladan wanda ya tsaya maka a gona ko shago: N4,000
Jimla: N8,500

Wannan N8,500 ba riba ba ce, abin da ya fita daga aljihunka ne. In situdiyon haya aka shiga kuma kai za ka biya, ka ƙara shi. A kan wannan jimla ake ɗora kuɗin muryar. A ce ka yanke N10,000 na wata 3 a tasha ɗaya. Shekara tana da wata uku-uku har sau 4, wato N40,000. Kana iya yin rangwame zuwa N30,000 tunda a dunƙule za a ba ka. In akwai dillalin da ya haɗa ku, a san la'adarsa tun farko da wanda zai biya ta.

Karatu: a ofishin manaja

Manaja: Malam, muryarka ta yi mana. Nawa za ka yi mana take guda biyar?

Mai murya: Ranka ya daɗe, na gode. Na tsawon wane lokaci za a riƙa sawa?

Manaja: Ai namu ne ke nan, sai ranar da muka gaji.

Mai murya: To wannan sayarwa ce, Yallaɓai, kuɗinta ya fi. In na shekara ɗaya ne a wannan tasha kaɗai, N38,500 har da kuɗin motata.

Manaja: Haba Malam! Ga tsadar man janareta. N15,000 za mu iya. Kuma ai suna za ka yi, duk Jigawa za a san ka.

Mai murya: Albarka, ranka ya daɗe. A cikin taken, sunan tasha ake faɗa, ba sunana ba. In N15,000 ce ke ƙasa, sai mu yi take biyu na wata uku. In sun karɓu, mu sabunta.

Manaja: Mu yi biyar ɗin na wata shida, N25,000.

Mai murya: Na sallama, in za a ba ni rabi kafin alƙalami, a kuma rubuta.

Ku lura, mai murya bai ɗaga harshe ba, bai kuma ce "duk abin da ya sawwaƙa" ba. Wannan magana ta kunya ta cinye haƙƙin mutane da yawa, musamman mata da dattawan da suke ganin faɗin farashi rashin ta-ido ne. Da aka rage kuɗi, shi ma sai ya rage aiki ko wa'adi. Kukan manaja kan man janareta gaskiya ne, ƙananan tashoshi suna shan wuya. Wani lokaci za su ce su biya ka da fili, wato su sa tallarka kyauta. In kana da shago ko injin niƙa da za ka tallata, ciniki ne mai kyau. In ba ka da abin tallatawa, ka nemi kuɗinka.

Rubutu

Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi a kafa shaidu. Saboda haka neman takarda ba rashin yarda ba ne. Ba sai da Turanci ba, Hausar boko ta isa. Ga samfuri, kowa ya kwafa a littafinsa:

"Ni ........ na naɗa wa tashar ........ take guda ........ Za a sa su a rediyo kaɗai daga ranar ........ zuwa ranar ........ a kan kuɗi N........ Na karɓi N........ kafin alƙalami, saura N........ za a biya ranar ........ Gyara sau ɗaya kyauta ne. In an sauya kalmomi, sabon aiki ne. Ba za a ba wani muryata ba, ba za a sa ta a tallar siyasa ko ta magani ba, ba kuma za a kwaikwaye ta da kwamfuta ba, sai da izinina a rubuce."

Kai da manaja da shaida ɗaya ku sa hannu, kowa ya riƙe kwafi. In ta waya aka turo kuɗi, kada ka goge saƙon banki. Maganar siyasa da magani ba a banza aka sa ta ba: a ƙauye kowa ya san muryar kowa, in aka ji taka tana yabon ɗan takara ko maganin da ya cutar da wani, ƙofar gidanka za a zo. Tallar magani kuma sai hukumar NAFDAC ta amince da ita.

Aikin aji

1. Tasha tana buɗe awa 16, ana sa take sau 3 a awa. Sau nawa ke nan a mako?
2. An yi ciniki N25,000, an ba da rabi. Nawa ya rage? In aka cire N8,500 daga kuɗin duka, nawa ne na muryar?
3. Ku rabu biyu-biyu, ɗaya manaja ɗaya mai murya. Manaja ya ce yana so ya sa taken a tasharsu ta biyu ba tare da ƙarin kuɗi ba. Ku yi cinikin, sannan ku cike samfurin takarda da abin da kuka daidaita a kai.