Yadda za ka nazarci makaranta da ma'aunan ilimin zamantakewa

Ɗalibai da yawa a kwalejojin ilimi da jami'o'i sukan haddace sunayen masana zamantakewar ilimi da ra'o'insu, su ci jarrabawa lafiya lau, amma idan aka tura su makarantar firamare domin sanin makamar aiki ba za su iya nuna ko ɗaya daga cikin abubuwan da suka haddace a cikin aji ba. Wannan fanni kuwa tambayoyinsa na zahiri ne: me makaranta take yi wa al'umma, me al'umma take yi wa makaranta, kuma su wane ne suke cin moriyar tsarin, su wane ne ake bari a baya? Hanyar da ta fi dacewa a fahimci ginshiƙansa ita ce a zaɓi makaranta guda ɗaya, a riƙa zuwa ana dubawa, a mayar da kowane ra'i tambayar da za a nemi amsarta da ido da kunne.

Ka fara da neman izinin shugaban makaranta, ka bayyana masa cewa nazari kake yi, ba binciken laifin kowa ba, domin malamin da ya ɗauke ka sufeto zai sauya halinsa muddin kana wurin. Ka tanadi littafin rubutu, ka raba kowane shafi gida biyu: a ɗaya ɓangaren ka rubuta abin da ka gani ko ka ji kawai, a ɗayan kuma ka rubuta fassararka. Cewa "malama ta tambayi yaran bencin gaba sau tara, na baya sau ɗaya" abin da aka gani ne, amma cewa "malama ba ta damu da 'ya'yan talakawa ba" fassara ce, wadda sai an kawo mata hujja.

Ma'auni na farko shi ne tarbiyyar zama da jama'a. Emile Durkheim, Bafaranshen da ya koyar da ilimin tarbiyya a Bordeaux daga 1887, sannan a jami'ar Sorbonne ta Paris daga 1902, ya ɗauki ilimi a matsayin aikin da manya suke yi a kan ƙanana domin su shirya su zama mutanen da al'ummarsu take buƙata. Talcott Parsons na Amurka ya ƙara a 1959 cewa aji gada ce tsakanin gida da duniyar manya, saboda a gida ana ƙaunar yaro don shi ɗan gidan ne, a makaranta kuwa ana auna shi da ma'aunin da ake auna kowa. Domin ka ga wannan da idonka, ka iso kafin a kaɗa ƙararrawa ka tsaya a taron safe. Ka lura da yadda ake jera yara aji-aji, da addu'ar da ake yi, da taken ƙasa da alkawarin biyayya gare ta, da duba farce da kayan makaranta, da hukuncin wanda ya makara. Sannan ka yi amfani da rabon da Robert Merton ya yi tsakanin aikin da hukuma ta bayyana da wanda take yi ba tare da ta faɗa ba. Makaranta ta ce tana koyar da karatu da lissafi, amma kuma tana tsare yara yayin da iyaye suke gona ko kasuwa, tana jinkirta auren 'yan mata, tana ƙulla abotar da za ta samar wa wani aiki bayan shekara 20.

Daga nan sai ka shiga aji domin neman ɓoyayyiyar manhaja, wadda Philip Jackson ya raɗa wa suna a 1968. Ita ce darussan da babu su a jadawali amma kowane yaro yakan fita da su: jiran layi, yin shiru idan babba yana magana, karɓar hukunci ba tare da gardama ba, da sanin wanda yake da iko. Ka zauna a bencin baya ka duba wa ake naɗawa monita, wa ake sa shara da ɗebo ruwa, wa ake aika ya goge allo ko ya ɗauko alli daga ofis. Idan kullum 'yan mata ne da tsintsiya, maza kuma da bulalar monita, to an koyar da darasi a kan matsayin jinsi ba tare da malami ya furta kalma ɗaya ba. Ka duba hotunan littattafan karatu ma, ka ƙirga sau nawa aka zana mace a matsayin likita ko injiniya, sau nawa aka zana ta a gindin murhu. Masu bin mazahabar Karl Marx, musamman Samuel Bowles da Herbert Gintis a 1976, sun fassara wannan da cewa makarantun Amurka suna horar da 'ya'yan ma'aikata su saba da bin umarni kamar yadda masana'anta take so. Kada ka karɓi wannan fassara haka kawai, domin Paul Willis ya bi wasu samari 12 'ya'yan leburori a wata makarantar Ingila, ya nuna a 1977 cewa ba biyayya suka koya ba, raina makarantar suka yi suna mayar da malamai abin dariya, kuma wannan bijirewar ce ta kai su ga irin aikin ƙarfin da iyayensu suke yi.

A ganina ma'aunin da ya fi kowanne amfani, wanda kuma ya fi saurin ɓata nazari idan aka ɗauke shi da garaje, shi ne jarin al'ada na Pierre Bourdieu. Shi da Jean-Claude Passeron sun yi bayani a 1970 cewa makarantun Faransa suna ba da lada a kan abin da ba su koyar ba, wato salon magana da saba wa littattafai da sakin jiki a gaban manya, waɗanda ɗan mai ilimi yake tasowa da su tun daga gida, sannan makaranta ta kira su hazaƙa. Basil Bernstein a Ingila ya yi makamancin wannan bayani ta fuskar harshe. Domin ka gwada wannan, ka zaɓi yara shida, uku daga masu zuwa na farko-farko a jarrabawa, uku daga na ƙarshe, ka yi hira da su a natse. Ka tambaye su da wane harshe ake magana a gida, wa yake duba musu aikin gida, ko akwai wanda ya yi sakandare a gidan, da abin da suke yi daga tashi makaranta zuwa magariba. Yarinyar da take ɗaukar talla har la'asar sakaliya da yaron da ake kai wa malamin darasi gida ba daga wuri ɗaya suka fara tseren ba, ko da kuwa benci ɗaya suke zaune.

Sai dai a ƙasar Hausa tilas ka gyara ma'aunin kafin ka auna, domin jarin ilimi a nan ba iri ɗaya ba ne. Makarantun allo da zaurukan malamai sun girmi boko da ƙarnuka, ita kuwa boko ta gwamnati ta kankama ne da makarantar da Hans Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909, inda aka ba 'ya'yan sarakuna da malamai muhimmanci, sai Kwalejin Katsina a farkon shekarun 1920, wadda ta yaye da yawa daga shugabannin Arewa na farko. Ƙofar ba ta buɗe wa kowa sosai ba sai da shirin ilimin firamare kyauta na 1976 da na ilimin bai-ɗaya na 1999. Saboda haka yaron da ya zo aji ɗaya da izu goma a kansa, ya iya karanta ajami, ya san ladabin zama a gaban alaramma, ba fanko ba ne. Yana da jari mai daraja a masallaci da unguwa, sai dai jarrabawar da ake rubutawa da Turanci ba ta da gurbin da za ta saka masa maki a kai. Tambayar da za ka rubuta a littafinka ita ce wane irin sani wannan makaranta take ƙirgawa, wane kuma take tsallakewa, kuma wa ya yanke hakan.

Bayan haka ka karkata ga abin da yake gudana tsakanin malami da ɗalibi, wato batun laƙabi. Ka saurari sunayen da ake kiran yara da su a ɗakin malamai, irin su daƙiƙi da haziƙi da ɗan iska da "ɗan gidan wane ne, ai ba sa karatu". A 1968 Robert Rosenthal da Lenore Jacobson sun ba da rahoton gwajin da suka yi a wata firamare ta California, inda suka gaya wa malamai cewa wasu yara za su yi fice a wannan shekara, alhali da ƙuri'a aka zaɓe su, kuma a ƙananan azuzuwa waɗannan yaran suka ɗara sauran a gwajin ƙarshe. Binciken da ya biyo baya ya nuna tasirin bai kai yadda aka fara zuzuta shi ba, amma yana nan. Ray Rist kuma ya ba da rahoto a 1970 cewa ya ga wata malamar ajin share fage ta raba yara tebur uku a rana ta takwas da fara karatu, bisa tsabta da sutura da salon magana, kuma rabon ya bi yaran zuwa azuzuwan gaba. Kai ma ka zana taswirar ajin, ka sa alama a duk lokacin da aka tambayi yaro, ka kuma auna tsawon jiran da malami yake yi wa kowa kafin ya wuce ga wani. Sau da yawa za ka tarar ana jiran wanda ake kyautata wa zato har ya lalubo amsa, wanda aka yanke wa ƙauna kuwa ana wuce shi tun bai buɗe baki ba.

Idan ka zo auna ko gida ne ya fi tasiri ko makaranta, ka yi hattara da kwafo sakamakon wata ƙasa. Rahoton James Coleman na 1966, wanda ya shafi ɗalibai fiye da 600,000 a Amurka, ya gano cewa yanayin iyali ya fi kayan makaranta bayyana bambancin sakamako. Amma Stephen Heyneman da William Loxley, da suka kwatanta ƙasashe 29 a 1983, sun ga cewa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ingancin makaranta da malami ya fi nauyi. Dalilin a fili yake, domin inda wata makaranta take da littafi ga kowane yaro, wata kuma yara suna zaune a ƙasa babu ko allon kirki, tazarar da ke tsakanin makarantun kanta babba ce. Don haka ka ƙirga bencina da littattafai da malaman da suka zo aiki a ranar, ka kwatanta sunayen da ke cikin rajista da kawunan da ke cikin aji, musamman ranar kasuwa da lokacin girbi.

Batun takardar shaida ba ya buƙatar dogon zama. Ronald Dore ya kira shi cuta a 1976, yana nufin halin da ake karatu domin takarda kawai, takardar kuma tana rage daraja yayin da masu ita suke ƙaruwa. Ka tambayi 'yan ajin ƙarshe abin da suke so su zama, ka tambayi dattawan unguwa irin aikin da shaidar firamare take samarwa a zamaninsu, sannan ka bincika abin da waɗanda suka gama makarantar shekara 10 da suka wuce suke yi yanzu.

Wajen rubuta rahoto, ka ɗauki abu guda da ka gani, misali yawan fashin 'yan mata a aji shida, ka gwada masa fassara uku: ta mai ganin makaranta tana yi wa al'umma hidima, da ta mai ganin tana kare fifikon masu hali, da ta mai duban ma'anar da iyaye da malamai da yaran kansu suke ba lamarin. Ka faɗi wadda hujjojinka suka fi goyon baya, ka kuma kawo abin da ya saɓa mata idan ka ci karo da shi. Ka sakaya sunan makarantar da na malamai da na yara, kuma ka bayyana cewa abin da ka gano ya shafi wannan makaranta ce a wannan zangon karatu, ba dukan makarantun jihar ba.