Idan an canza maka wurin aikin wa'azi a mishan ɗin cocin Mormon

Ɗan'uwa, a sabon wuri barci ne ke fara lalacewa. Riƙe ƙarfe 6:30 na tashi da 10:30 na kwanciya, ko da rai a dagule yake. Daren farko ku zauna da abokin aikinka ku duba bayanan waɗanda ake koyarwa, ka haddace suna biyar. Abin da ke damun ka game da abokin aikin, bari sai zaman tattaunawar da kuke yi ku biyu duk mako, ka faɗi ɗaya tak. Tara ƙorafi goma a zube lokaci guda shi ke haifar da gaba. Canji kan zo duk mako 6, amma kada ka sa rai, ana iya barin ka nan. In rashin barci ko rashin cin abinci ya ƙi wucewa, sanar da shugaban mishan.