Faifai ko haƙori: yadda ake zaɓen injin shuka a gonar da ba a huɗe ba

Kafin ka tambayi kuɗin hayar injin shuka, je ka tsaya a gonarka ka dubi abin da ke kwance a kanta. Kara ne? Tattakar shinkafa ce? Ko dabbobi sun riga sun share wurin tas? Amsar nan ita za ta zaɓa maka inji. A gonar da ba a yi mata haro ko huɗa ba, aikin da sungumi da diddige suke yi duk ya koma kan bakin injin: ya tsaga ƙasa, ya ajiye iri, ya rufe, ya danne.

Bakin nan iri biyu ne aka fi gani. Mai faifai yana yanka ƙasa siriri ya wuce, ba ya tayar da ita, don haka laima ba ta gudu, irin ciyawar da ke binne kuma ba ya farkawa. Amma yana da wata mugunta da ba a gani daga kan tarakta. In tattaka ta jiƙe da raɓa, ƙasa kuma ta yi laushi, faifan ba ya yanke ta, sai ya lanƙwasa ta ya cusa cikin ramin, iri ya kwanta a kan ciyawa maimakon ƙasa. Bayan mako biyu sai ka ga layi duk giɓi, ka hau zagin mai sayar da iri alhali ba ruwansa. Maganin abin: a wasa faifan, a baza tattakar kada ta taru wuri guda, a jira rana ta ɗaga raɓa ta bushe. Kuma faifai yana son nauyi. A busasshiyar ƙasa mai tauri, inji marar nauyi bisa-bisa zai yi ta bi.

Mai haƙori shi ture ciyawa gefe yake yi, ya buɗe layi, iri ya sauka kan ƙasa sosai. Ya fi araha, maƙerin gari ma yana iya gyara shi. A gonakinmu na tudu inda ake kwashe kara a kai gida, saura kuma shanu su cinye, ni shi nake zaɓa ba tare da wani dogon tunani ba. Aibinsa yana fitowa ne inda ciyawa ta yi yawa: yana jan ta har ta cushe tsakanin haƙora, direba ya yi ta sauka yana cirewa da hannu.

Mai son zuba alkama bayan yankan shinkafa, kamar yadda ake yi a Kadawa da Kura a jihar Kano, matsalarsa ɗaya da ta manoman Punjab a Indiya: tattakar da ta rage a gona. Can suka ƙera wani inji mai suna Happy Seeder don a daina ƙona tattaka: wuƙaƙe masu juyawa a gaba suna sare ta su ɗaga, haƙoran su shuka, tattakar ta faɗo ta lulluɓe layin. Sai dai yana buƙatar tarakta mai ƙarfin doki 45 zuwa sama. Ribarsa lokaci ce, domin alkama sanyin hunturu take bi, shukar da ta wuce tsakiyar Disamba kuwa zafi ne zai tarar da ita tana cika ƙwaya.

Kowanne ka ɗauko, leƙa bayansa. In babu tayar da ke danne ƙasa a kan iri, mayar da shi. Duba kuma ko bututun taki dabam yake da na iri. Yuriya in ta haɗu da iri a rami ɗaya ƙona shi take yi, tazarar santimita 5 ta wadatar.

Ranar shuka kada ka zauna a inuwa. Bari direba ya yi tafiyar taku ashirin, ka tsayar da shi, ka durƙusa ka tona layin da yatsa a wurare da dama. Alkama tana son zurfin santimita 3 zuwa 5, kuma ƙwayar ta manne da ƙasa mai danshi. In ka tarar da wata a sama wata can ƙasa, gudu ya yi yawa. Direban haya da kadada ake biyansa, sauri yake so, saboda haka sai ka sake tonawa a tsakiyar gonar bayan ya ɗauka ka tafi.